Tambaya: Wace manhajar sauraron waƙa ce ke aiki a kowace ƙasa, kuma ta ina ake gano sababbin mawaƙa?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar sauraron waƙoƙi ta intanet, musamman 'yan'uwanmu da suka zauna a ƙasa fiye da ɗaya. Ni mutum ne mai son kiɗan wasu al'ummu, tun daga na Mali da Sudan har zuwa na Indiya da Turkiyya da Brazil, kuma babu abin da ke faranta mini rai kamar in ci karo da mawaƙin da ban taɓa jin ko sunansa ba. Abubuwa biyu ne suka tsaya mini a rai.

Na farko, akwai manhajojin da ake yawan yabo a rubuce-rubucen Turawa, amma idan mutum ya buɗe su daga Najeriya sai su sanar da shi cewa ba sa aiki a ƙasarsa. Wasu kuma suna buɗewa lafiya, sai dai mutum ya tarar da waƙa a cikin jeri sunanta ya dushe, ya danna ta ƙi tashi, alhali abokina da ke karatu a Masar yana jin wannan waƙar a manhaja iri ɗaya da tawa. Ina so in fahimci dalilin haka, in kuma san waɗanda mutum zai dogara da su ko da tafiya ta kama shi.

Na biyu, wanda ya fi damu na, manhajar da nake amfani da ita ta koma maimaita mini abu ɗaya. Tun da na saurari wasu waƙoƙin Legas a lokacin bikin ƙanwata, duk abin da take kawo mini da sunan sabo daga wannan gidan yake fitowa. Shin akwai hanyar da mutum zai bi ya fita daga wannan da'irar? Allah ya saka da alheri.

Bakano a Jamus ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin ita ce na fi sani. Matsalar ba ta fasaha ba ce, ta haƙƙin mallaka ce, kuma haƙƙin mallaka ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. Kowace waƙa da ka ji tana da masu haƙƙi iri biyu: akwai wanda ya mallaki sautin da aka ɗauka, wanda galibi kamfanin faifai ne, akwai kuma wanda ya tsara baitoci da karin waƙar, wanda ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa ke wakilta, irin su SACEM a Faransa, GEMA a nan Jamus, PRS a Ingila, MCSN a Najeriya da BNDA a Nijar. Kafin manhaja ta kunna maka waƙa a Zariya, dole ta kasance tana da izinin ɓangarorin biyu na kunna ta a Najeriya, kuma izinin da ta samu na Masar ba ya tsallaka iyaka. Wannan shi ne abin da ya raba ka da abokinka. Sau da yawa mawaƙi ya ba wani kamfani haƙƙin rarraba faifansa a ƙasashen Larabawa, ya ba wani daban na Turai, sauran duniya kuma babu wanda ya karɓa, sai waƙar ta zauna a dushe a wurinmu ba tare da kowa ya yi niyyar hana mu ba.

Misali mafi shahara shi ne Pandora. A Amurka doka ta tanadi lasisi na bai ɗaya ga rediyon intanet wanda mai sauraro ba ya zaɓar waƙa da kansa, kamfani ya biya kuɗin da aka ƙayyade ya kunna abin da yake so. Da yake wannan tanadi bai shafi sauran ƙasashe ba, a 2007 Pandora ta rufe ƙofarta ga masu sauraro na waje. Ta buɗe a Ostireliya da New Zealand a 2012, ta janye a 2017, kuma tun daga nan a Amurka kaɗai take aiki. Last.fm ta Ingila ma ta bi irin wannan hanya: a 2009 ta fara karɓar kuɗin sauraron rediyonta daga duk wanda ba ya Amurka ko Birtaniya ko Jamus, a 2014 kuma ta daina rediyon gaba ɗaya, ta tsaya ga ƙididdige abin da mutum ya saurara. Ko mu da ke Turai ba mu tsira ba, domin daga 2009 zuwa 2016 rikicin kuɗi tsakanin GEMA da YouTube ya sa bidiyon waƙoƙi masu ɗimbin yawa ba sa buɗewa a Jamus. A watan Maris na 2021 kuwa, waƙoƙin Koriya ta Kudu da kamfanin Kakao ke rarrabawa sun ɓace daga Spotify a faɗin duniya saboda wa'adin yarjejeniya ya ƙare, sai da aka sasanta suka dawo. Saboda haka ko waƙar da kake ji yau, aro aka ba ka.

Game da waɗanda suka fi yaɗuwa, Spotify ta fara aiki a 2008 daga Sweden, ta shiga Amurka a 2011, Afirka ta Kudu a 2018, sannan a watan Fabrairu na 2021 ta sanar da shiga ƙasashe sama da 80 a lokaci guda, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. Apple Music ta fito a 2015, kuma a 2020 ta kai ƙasashe 167, sai dai ba ta da sashen kyauta mai talla. Deezer ta Faransa tana aiki a ƙasashe sama da 180. YouTube Music ta iso Najeriya a 2020. Bayan waɗannan akwai na yanki, waɗanda a fagensu sukan fi manyan wadata: Anghami da aka kafa a Beirut a 2012 don waƙoƙin Larabci, JioSaavn don na Indiya, Boomplay da ta fara a Najeriya a 2015 kuma take zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, da Audiomack wadda asalinta ta New York ce amma ta yi ƙarfi sosai a Afirka ta Yamma.

Idan tafiya ce a gabanka, ka lura da abu biyu a Spotify. Mai asusun kyauta kwana 14 kawai ake ba shi a wata ƙasa, daga nan sai ya sauya ƙasar da ke kan asusunsa. Mai biyan kuɗi yana iya yawo da nasa, amma ƙasar asusun tana ɗaure ne da ƙasar katin bankin da yake biya da shi, kuma waƙoƙin da ya sauke suna buƙatar ya hau intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kwana 30, in ba haka ba su kulle. Za ka ji wasu suna cewa a yi amfani da VPN a ɓoye ƙasar da ake. Ni ba na ba da wannan shawara, domin ya saɓa wa sharuɗɗan yawancin kamfanonin, kuma mutum na iya rasa asusun da ya daɗe yana tara jerin waƙoƙinsa a ciki.

Mai Son Rediyo ta amsa:

Malam Ɗan Zazzau, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗin bayanin Malam Bakano. Tambayarka ta biyu ce ta ja hankalina, domin a ganina ita ce ainihin matsalar. Mutum zai iya samun manhajar da ke ɗauke da waƙoƙi miliyan 100, ya kuma ƙare rayuwarsa yana zagaye a cikin ɗari biyu.

Yana da kyau ka san yadda manhajar ke yanke shawarar abin da za ta kawo maka. Babban abin da take dubawa shi ne halin sauran masu sauraro: idan mutane da yawa da suka ji waƙoƙi goman da ka ji sun kuma ji ta goma sha ɗaya, sai ta ɗauka kai ma za ka so ta. Tana kuma auna sautin kansa, wato saurin kiɗa da ƙarfinsa da yanayin muryar, tana karanta abin da ake rubutawa game da mawaƙin a intanet. Spotify ta sayi kamfanin The Echo Nest a 2014 saboda wannan aiki, kuma a 2015 ta fito da Discover Weekly, jerin waƙoƙi 30 da ke sauyawa kowace Litinin. Pandora da aka ambata a sama ta bi wata hanyar daban tun daga shekarar 2000, inda ta ɗauki masana kiɗa suna sauraron waƙa ɗaya bayan ɗaya suna rubuta siffofinta, ɗaruruwan siffofi ga kowace waƙa. Wannan hanya ta fi adalci ga mawaƙin da ba a sani ba, tun da ba ta jiran sai jama'a sun yi masa tururuwa, amma tana da tsada da jinkiri.

Daga nan za ka ga inda gizo ke saƙar. Na'urar tana kama da mai shagon unguwa wanda ya ga ka sayi abu sau uku, daga ranar da ya hango ka sai ya miƙo maka shi tun kafin ka buɗe baki. Ƙasar da kake ciki ma tana shiga lissafi, saboda haka mai asusun Najeriya, ko da kiɗan garaya ko na molo yake nema, za a riƙa tura masa abin da mafi yawan 'yan Najeriya masu manhajar ke ji, kuma mun san daga wane birni wannan yake fitowa. Ba na ganin laifin waƙoƙin Legas, sun yi aiki sun kai inda suka kai. Abin da nake cewa shi ne lissafin yawan jama'a ba zai taɓa kai ka ga abin da jama'a kaɗan suka sani ba.

Akwai gyaran da za ka iya yi a cikin manhajar kanta. Duk waƙar da ba ka so, ka tsallake ta da wuri, domin sauraron da ya wuce daƙiƙa 30 ana ƙirga shi a matsayin cikakken sauraro. Waƙoƙin biki da na yara ka ware su a jerinsu daban, kuma a Spotify akwai zaɓin da ke cire jeri daga lissafin abin da kake so. Sannan ka riƙa bin mawaƙan da suka burge ka, kana ajiye waƙoƙinsu, domin wannan ya fi sauraro kawai nauyi. Haka kuma ka leƙa jadawalin waƙoƙi 50 da suka fi tashe a wasu ƙasashe, ka buɗe na Turkiyya yau, gobe na Brazil.

Amma maganin da ya fi yi mini aiki yana wajen waɗannan manhajoji. Ka gwada Radio Garden, wani shafi da aka ƙirƙiro a Holand a 2016. Idan ka buɗe shi za ka ga ƙwallon duniya cike da ɗigo-ɗigo masu launin kore, kowane ɗigo gari ne mai tashar rediyo. Ka murza ƙwallon da yatsa, ka kawo da'irar da ke tsakiya kan Bamako, ka ɗan jira ƙarar shuu ta wuce, sai ga muryar mai gabatarwa da harshen Bambara, sai ga sautin kora ko ngoni, kayan kiɗansu masu tsirkiya, ya biyo baya, abin da mutanen garin ke ji a daidai wannan lokacin. Ka sake murzawa ka faɗa Dakar ko Istanbul. Ni nakan ajiye wata waya a gefe da Shazam a buɗe, idan waƙa ta kama ni in kara ta kusa da lasifika ta faɗa mini sunan mawaƙin, daga nan in nemo shi a inda nake biyan kuɗi. Ba kullum Shazam ke gane kiɗan gargajiya ba, domin abin da aka shigar cikin rumbunta kaɗai take ganewa, saboda haka ka riƙa kasa kunne ga mai gabatarwa idan zai faɗi suna.

Sai kuma tashoshin da mutane masu zurfin sani ke zaɓar waƙa da hannunsu, irin su NTS da aka kafa a Landan a 2011 da KEXP ta birnin Seattle. Da ƙananan kamfanonin faifai da suka ɗauki tono tsofaffin waƙoƙi sana'a: Analog Africa da Habibi Funk a Jamus, Ostinato a New York wadda ta fitar da tarin tsofaffin waƙoƙin Sudan da na Somaliya, da Sahel Sounds a Portland. Duk waɗannan kamfanoni suna da shafi a Bandcamp, wata kasuwar sayar da waƙoƙi ta intanet, inda galibi za ka iya sauraro kafin ka saya, kuma sukan haɗa faifan da bayani kan mawaƙin da zamaninsa. Idan ka shafe mako biyu kana sauraron abin da ka samo daga nan a cikin manhajarka, za ka ga ita ma ta fara sauya abin da take kawo maka.

Ɗan Zazzau ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Bakano da Malama. Na buɗe ƙwallon duniyar nan jiya da daddare, kuma lallai abin ya yi. Sai dai wasu tambayoyin sun taso mini. Nawa ne data ke tafiya a irin wannan sauraro, tun da mu a nan ita ce babbar ƙaya? Sannan da nake bincike na lura cewa samun tsohon mawaƙin Mali ko na Habasha a waɗannan manhajoji ya fi samun namu na Hausa sauƙi da tsari. Mene ne dalili, kuma idan na saurara, shin wani abu yana isa hannun mawaƙin ko iyalansa?

Ɗan Damagaram ya amsa:

Malam, gaisuwa daga Zinder. Lissafin data mai sauƙi ne idan ka san matakin ingancin da ka zaɓa. A Spotify matakin da suke kira na daidai yana kusan kilobit 96 a daƙiƙa, wanda ke cin kimanin megabait 43 a awa ɗaya. Na sama da shi, mai 160, yana cin kimanin 72, mai 320 kuma yana kaiwa 144. Akwai na ƙasa mai 24 wanda bai wuce megabait 11 a awa ba, kuma ga mai sauraro ta lasifikar waya ya wadatar. Bidiyo ne ke cinye data, saboda haka idan sauti kawai kake so, kada ka bar hoto yana tafiya. Abin da ya sa Audiomack da Boomplay suka karɓu a wajenmu shi ne suna barin mutum ya sauke waƙoƙi da yawa cikin manhajar ba tare da biyan kuɗin wata ba, ya ji su lokacin da babu sabis.

Tambayarka ta biyu tana taɓa ni sosai. Waƙa ba ta shiga Spotify ko Apple Music da kanta. Sai wani mai haƙƙi ya kai ta ta hannun kamfanin rarrabawa, irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, ya cike sunan mawaƙi da na waƙa da shekara, a ba ta lambar shaida. Tsofaffin mawaƙan Mali da Habasha da ka gani sun samu kamfanonin da suka bi diddigin asalin faifan, suka gyara sautin, suka yi yarjejeniya, suka rubuta tarihi. Namu kuwa, irin su Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, da Hajiya Barmani Choge da ta rasu a 2013, yawancin abin da suka bari yana warwatse ne a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da kaset-kaset na hannun jama'a, an kwafa daga kaset zuwa faifan CD, daga nan zuwa memori a wajen masu tura waƙoƙi a kasuwa. A wannan doguwar hanya sunan waƙa kan sauya, shekara ta ɓace, sauti ya raunana. Ga kuma matsalar rubutu: wani ya rubuta suna da ƙugiya, wani babu, wani ya raba shi biyu, mu a Nijar mu rubuta shi da ƙa'idar Faransanci, sai na'ura ta ɗauka mutum uku ne daban. Idan kana nema, ka gwada duk rubutun da ka sani.

Amma kada a ɗauka kiɗan yankinmu ba ya da masu so a waje. Sahel Sounds da Malama ta ambata ta tattara waƙoƙin da matasa ke tura wa juna ta waya a arewacin Mali, kuma ta wannan hanya ce duniya ta fara jin Mdou Moctar na nan Nijar, wanda yanzu yake zagaya Turai da Amurka da jitarsa.

Batun kuɗi kuwa, yawancin manyan manhajoji ba sa kai kuɗinka kai tsaye ga wanda ka saurara. Suna tara kuɗin masu biya da na talla na kowace ƙasa a wuri ɗaya, su cire nasu kason, su raba sauran gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Wannan na nufin sauraro ɗaya daga ƙasar da kuɗin wata ke da arha bai kai darajar sauraro ɗaya daga Amurka ko Jamus ba. Daga 2024 Spotify ta ƙara sharaɗin cewa waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, ba ta shiga rabon. SoundCloud ta kawo wani tsari a 2021 ga mawaƙa masu zaman kansu, inda kuɗin mai sauraro ke tafiya ga waɗanda ya saurara. Idan burinka mawaƙi ya amfana, saye a Bandcamp ya fi, domin kashi 15 cikin ɗari suke cira a cinikin waƙa, ban da kuɗin hada-hadar biya.

Bakano a Jamus ya sake amsawa:

Ina tare da Malam Ɗan Damagaram a duk abin da ya faɗa, sai dai ina so in ƙara gargaɗi ɗaya, domin na san wasu masu karanta wannan zance za su ce to bari su ɗauki tsofaffin waƙoƙin da ke memorinsu su ɗora da kansu. Niyyar mai kyau ce, amma haƙƙin ba nasu ba ne. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa, na sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Ke nan waƙoƙin mawaƙin da ya rasu a 1999 suna da magada masu haƙƙi a kansu har zuwa ƙarshen 2069. Wanda ya ɗora ba da izini ba, ya kuma karɓi kuɗin sauraro, ya ci haƙƙin marayu, sannan ya ƙara dagula rubutun sunaye da ake kuka da shi.

Abin da ya dace shi ne mai wannan sha'awa ya nemi iyalan mawaƙin, a rubuta yarjejeniya, a je gidan rediyon da ke riƙe da asalin ɗaukar a nemi kwafi mai tsabta, a tsaya a kan rubutun suna guda ɗaya, sannan wajen cike takardar rarrabawa a zaɓi duk ƙasashen duniya, domin kamfanonin rarrabawa suna tambayar ƙasashen da ake so waƙar ta fita, kuma duk ƙasar da ba a saka ba, mutanenta ba za su ji waƙar ba. Malam Ɗan Zazzau, tun da kana Zariya, sashen nazarin harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai, kuma malamai da ɗalibai a can sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan waɗannan mawaƙa. Su ne za su fi taimakawa wajen tantance sunan kowace waƙa da lokacin da aka yi ta.